Yadda Ake Dafa Houtou, Taliyar Kabewa ta Lardin Yamanashi a Japan

Houtou abinci ne na lardin Yamanashi, wanda ke yamma da birnin Tokiyo, ta gefen arewa na Dutsen Fuji. Lardi ne da ba ya iyaka da teku, kuma mafi yawan ƙasarsa duwatsu ne da kurmi, saboda haka filayen da ake iya tare wa ruwa a shuka shinkafa ba su wadaci mutanensa ba a zamanin da. Manoman yankin sai suka dogara da alkama da sha'ir: su niƙa gari, su kwaɓa, su yanka faffaɗar taliya, su dafa ta a tukunya ɗaya tare da kabewa da duk kayan lambun da gona ta bayar a lokacin, sannan su narka miso, wato niƙaƙƙen waken suya mai gishiri da aka bari ya tsima, a cikin romon. Mutanen Yamanashi suna danganta abincin da Takeda Shingen, jarumin da ya mulki yankin a ƙarni na 16 lokacin da ake kiransa Kai, suna cewa da shi yake ciyar da mayaƙansa a fagen fama, kodayake wannan labarin baka ne. A shekarar 2007 ma'aikatar noma ta Japan ta sanya houtou cikin jerin abinci ɗari na gargajiya na karkarar ƙasar.

Abin da mai koyo zai riƙe tun daga farko shi ne cewa ba a sa gishiri a kwaɓin houtou, kuma ba a tafasa taliyar daban a tsane ta kafin a haɗa da miya. Taliyar udon, wadda ta fi shahara a Japan, ana kwaɓa ta da ruwan gishiri domin ta yi danƙo, shi ya sa dole a dafa ta a ruwa mai yawa gishirin ya fita. Ta houtou kuwa ɗanya ake jefa ta cikin romo da ɗan garin da ke jikinta, ta nuna a nan, ta sha romon, ita kuma ta ba shi kauri tare da kabewar da ta narke. Kusan duk kuskuren da ake yi a wannan girki daga mance wannan yake tasowa.

Kayan aiki

Ana buƙatar tukunya mai kaurin gindi da za ta ɗauki aƙalla lita 5, domin taliyar tana kumbura kuma romon yana tasowa. A gidajen cin abinci na Yamanashi a ƙaramar tukunyar baƙin ƙarfe ake kawo wa kowa nasa yana tafasa, amma a gida tukunyar dalma mai nauyi ta isa. Wadda za a guje wa ita ce mai siririn gindi, don gari yana kwanciya a ƙasa ya kama. Sai babban kwano na kwaɓi, da rariyar tankaɗe, da matacin ƙarfe, da ludayi, da wuƙa doguwa mai kaifi, da sandar murza fulawa, da katako mai faɗi ko tebur mai tsabta. Idan babu sandar murji, kwalba mai santsi da aka wanke ta bushe tana yin aikin. Wanda yake da injin taliyar murji a gida ya huta da rabin wahala, sai dai wajen shimfiɗawa kawai zai yi amfani da shi, domin haƙoran yankan injin suna fitar da taliya siririya ƙwarai, ba irin wadda ake so a nan ba. A ajiye buta ko ƙaramar tukunya ta ruwan zafi a kusa, za a buƙace ta a tsakiyar girki.

Kayan haɗi na mutum huɗu

Na taliya: fulawa giram 300, da ruwa mai ɗumi mililita 140 zuwa 150, da wata fulawar kamar cokali huɗu ta barbaɗawa. Idan babu sikeli, gwangwanin madara uku da ɗan ƙari na fulawa, ruwa kuma gwangwani ɗaya da bai kai baki ba.

Na romo: ruwa lita 2, da niboshi giram 35, da kombu giram 10. Niboshi ƙananan kifayen teku ne da ake tafasawa a ruwan gishiri a busar, kombu kuma busasshen ganyen teku ne mai kauri. Idan niboshi bai samu ba, a nemi ƙananan fararen kifi busassu waɗanda rana ta busar. Kada a sa banda, domin warin hayaƙinsa yana danne miso gaba ɗaya. Idan kifin ma babu, a dafa ƙashin kaza a ruwa zalla, ba albasa, ba kayan ƙamshi, a tace. Kombu kuwa idan ya rasa a bar shi, abincin ba zai lalace ba.

Na ciki: kabewa giram 400 bayan an cire 'ya'ya, gwaza giram 200, karas ɗaya babba, daikon giram 150, kabeji giram 200, naman kaza (wato laimar kwaɗi, ba naman tsuntsuwar ba) guda biyar ko shida, soyayyiyar awara giram 100, albasa mai lawashi guda uku, da miso giram 110 zuwa 120, wato kamar cokalin cin abinci shida zuwa bakwai. Mai son nama ya ƙara cinyar kaza giram 250 da aka cire wa ƙashi. A Japan sau da yawa ana sa naman alade a houtou na gidajen cin abinci, don haka Musulmin da ya je can ya tambaya kafin ya ci. Na gargajiya dai kayan lambu ne ginshiƙinsa, kuma rashin nama ba ya rage masa komai.

Kabewa ita ce abin da ya fi cancantar a tsaya a zaɓa. Wadda Japanawa ke amfani da ita, mai suna kabocha, ƙarama ce mai koren ɓawo, cikinta rawaya mai duhu, ga gari ga zaƙi, kuma ruwanta kaɗan ne. Kabewar kasuwanninmu ta fi ruwa, wata kuma tana da zare-zare, saboda haka a nemi wadda ta ƙosa sosai, mai nauyi a hannu, wadda idan an yanka za a ga namanta ya yi ja-ja kuma wuƙa ba ta jiƙe sharkaf ba. Idan an samu mai ruwa ce kawai, a rage ta zuwa giram 300 a cike da dankalin Hausa giram 100, shi zai kawo garin da zaƙin da suka yi ƙaranci.

Daikon wata doguwar farar saiwa ce mai ɗan yaji idan tana ɗanya, wadda ke yin laushi da zaƙi idan ta dahu; ana samunta a wasu manyan kantuna, idan kuma babu sai a ƙara karas. Kabejin da ake sawa a Japan shi ne hakusai, mai dogon ganye mai taushi, amma namu dunƙulalle yana aiki, sai dai ya fi shi jinkirin nuna. Naman kaza a Yamanashi yawanci shiitake ne da shimeji. A sayi wanda aka noma aka kawo kanti, ɗanye ko busasshe, kada a tsinto na daji da ba a san shi ba, domin wasu guba ne mai kisa. Awara kuma tana maye gurbin aburaage, wato siraran yankan awarar Japan da ake soyawa har su kumbura. A nemi farar awara wadda ba a zuba wa attaruhu da albasa da dunƙule ba, a yanka ta sirara, a soya ba tare da ƙwai ba.

Saura miso. Waken suya ne da aka dafa aka niƙa, aka haɗa da gishiri da koji, wato shinkafa ko sha'ir da aka raina wani nau'in fumfuna mai amfani a jikinsu, aka rufe aka bar shi ya tsima watanni. Na Yamanashi, wanda ake kira Koshu miso, ya bambanta da na yawancin yankuna domin ana haɗa kojin shinkafa da na sha'ir a cikinsa. Samunsa a wajen Japan yana da wuya, amma idan aka gauraya farin miso da ja rabi da rabi ana kusantar ɗanɗanonsa. Ana samun miso a kantunan da ke sayar da kayan abincin Asiya a manyan birane, ko a yi odarsa ta intanet. A duba bayan roba da kyau: kamfanoni da yawa suna ƙara barasa kaɗan don su tsayar da tsimuwa, kuma ana rubuta ta da haruffan Japan haka, 酒精 ko アルコール. Wanda yake son ya fita daga shakka ya nemi mai tambarin halal. Daddawa, ko da ta waken suya ce, ba ta maye gurbin miso, domin ƙwayar da ke ruɓar da ita daban ce, kuma ƙamshinta zai mayar da tukunyar wata miyar dabam.

Mataki na 1: Jiƙa kifi da kombu

A cire kawunan niboshi, a tsaga kowanne a fitar da baƙin cikinsa, domin nan ɗacin yake. Aiki ne mai cin rai, amma romon da aka yi da kifin da ba a gyara ba yana barin ɗaci a maƙogwaro wanda miso ba ya iya ɓoyewa. A goge kombu da busasshen tsumma kawai, kada a wanke shi, farin garin da ke jikinsa ba datti ba ne, ɗanɗano ne. A zuba su duka a ruwa lita 2 mai sanyi a bar su aƙalla minti 30. Idan busasshen shiitake za a yi amfani da shi, a jiƙa shi daban a kofi ɗaya na ruwa, a ajiye ruwan don a ƙara a romo.

Mataki na 2: Kwaɓi

A tankaɗe fulawa a babban kwano. A riƙa zuba ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan ana yamutsawa da yatsu a buɗe, ba a dunƙulawa, har sai garin duka ya zama ƙananan gudaji kuma babu busasshen gari a gindin kwano. A tsaya a mililita 140 tukuna. A nan ne mai koyo yake ganin kamar ruwan bai isa ba, sai ya ƙara, daga baya kuma ya rasa yadda zai yi da kwaɓi mai manne wa wuƙa. A tattara gudajin a danne su da tafin hannu, a naɗe, a sake dannewa, a ci gaba da haka minti goma. Kwaɓin zai fara da kaushi da tsattsagewa, sannan a hankali ya haɗe ya yi santsi. Ana son ya ɗan fi kwaɓin cincin tauri: idan aka danna yatsa ya lotsa da ƙyar, kuma babu abin da ya manne a yatsan. Idan bayan minti biyar ana cuɗawa har yanzu yana wargajewa, a jiƙa hannu a ci gaba, kada a tuttula ruwa kai tsaye.

A Japan akwai masu sa irin wannan kwaɓi a leda mai kauri su taka da ƙafa don ya haɗu da sauri. Ni ban ga buƙatar hakan ba a giram 300, nauyin jiki a kan tafin hannu ya wadatar. A dunƙule shi, a sa a leda ko a kife masa kwano, a bar shi ya huta minti 30. A lokacin hunturu, da iska ke busar da komai nan take, kada a bar shi a buɗe ko na minti biyu, domin zai yi ɓawo, ɓawon kuma ya zama tsaga idan an zo murzawa.

Mataki na 3: Gyaran kayan lambu

Yayin da kwaɓi ke hutawa sai a fere kabewa. Ɓawon kabocha yana cinyuwa, shi ya sa Japanawa ke barinsa, amma na tamu yana da tauri, gara a cire. A raba ta kashi biyu: rabi a yanka ƙanana, kamar santimita 2, rabi kuma manya, kamar santimita 4. Ƙananan za su narke a romo, manyan kuma su tsaya a gan su a kwano. A yanka karas da daikon sirara, rabin da'ira, kaurin rabin santimita. A raba kabeji, jijiyoyi masu kauri gefe guda, ganye mai laushi gefe guda. A yanka naman kaza, a yanka farin albasa a karkace, lawashin kuma ƙanana.

Gwaza yana buƙatar kulawa ta musamman. A fere shi hannu a bushe, a yanka, a murje shi da gishiri har yauƙin ya fito, a wanke, sannan a tafasa shi minti biyar a ruwa daban a zubar da ruwan. Wanda ya tsallake wannan zai iya samun romo mai ƙaiƙayin maƙogwaro, musamman da manyan gwaza irin namu. Awarar da aka soya kuma a sa ta a mataci a kwarara mata ruwan zafi don man da ke samanta ya fita, in ba haka ba zai taso ya kwanta a kan romon.

Mataki na 4: Dafa romo

A ɗora tukunyar kifi da kombu a wuta matsakaiciya. Da zarar ƙananan kumfa sun fara tasowa daga gindi, kafin ruwan ya tafasa, a tsame kombu, domin idan ya tafasa yana sakin yauƙi da ɗaci. A rage wuta, a bar kifin ya ƙara minti bakwai tukunya a buɗe, ana kwashe kumfar da ke taruwa a sama, sannan a tace. A gidajen karkara wasu ba sa tsame kifin, tare da shi suke ci, kuma babu laifi a hakan idan an gyara shi da kyau.

Mataki na 5: Murzawa da yankawa

A raba kwaɓin biyu, a bar rabi a rufe. A barbaɗa fulawa a katako, a danne rabin da hannu ya baje, sannan a murza daga tsakiya zuwa waje, ana juya shi, har kaurinsa ya zama milimita 3, tsawonsa kuma kamar santimita 25 zuwa 30. Idan yana komawa baya duk lokacin da aka murza, a rufe shi minti biyar a dawo, zai saki. Kada a yaudaru a bar shi da kauri don an ji cewa houtou taliya ce mai kauri: tana ƙara kumbura a tukunya, kuma wadda ta kai milimita 5 tana ɗanya sai bayanta ya narke cikinta bai nuna ba. Mai amfani da inji ya fara da mafi faɗin saiti, ya naɗe ya maimaita sau biyu ko uku, ya tsaya a saiti na biyu ko na uku gwargwadon injinsa.

A barbaɗa fulawa sosai a fuskoki biyun, a naɗe shi gida uku ba tare da dannawa ba, sannan a yanka faɗin santimita ɗaya. A sauke wuƙar kai tsaye a ɗaga, kada a ja ta gaba da baya, domin jan yana manne bakin yankan. Duk bayan yanka biyar ko shida a ɗauke su a warware, a girgiza, a shimfiɗa a faranti da aka barbaɗa wa gari. Idan wasu sun fi wasu faɗi babu damuwa, haka na gida yake. A rufe da busasshen tsumma, kuma a yi ƙoƙari taliyar ta shiga tukunya cikin rabin awa.

Mataki na 6: Saiwoyi da rabin miso

A mayar da romon wuta, a zuba karas da daikon da gwaza da ƙananan yankan kabewa, da kaza idan za a sa. Idan ya tafasa a kwashe kumfa, a rage wuta, a bar shi minti bakwai. Sai a ɗauki rabin miso a sa a ludayi, a nitsa ludayin rabi a romo, a dama da cokali har ya narke kafin a sake shi. Idan aka jefa shi dunƙule yakan nutse ya zauna a haka, wani ya ci karo da curin gishiri a kwanonsa. Dalilin raba miso biyu shi ne kashin farko ya ratsa taliya da saiwoyi yayin da suke dahuwa, na biyu kuma ya riƙe ƙamshinsa, wanda dogon tafasa ke kashewa.

Mataki na 7: Zuba taliya

Wannan shi ne matakin da ke raba houtou mai kyau da dunƙulen gari. A ƙara wuta har romon ya tafasa sosai. A ɗauki taliya kaɗan-kaɗan, a kakkaɓe garin da ya yi yawa amma kada a wanke, a riƙa sakin ta a wurare daban-daban na tukunyar, ba a wuri ɗaya ba, kuma ba duka lokaci guda ba, don kada tafasar ta mutu. Bayan an gama zubawa a jira kamar daƙiƙa talatin bayanta ya ɗan kama, sannan a sa ƙotar muciya ko dogayen tsinkaye a ɗago ta daga gindi a hankali a rarraba. A maimaita haka sau uku ko huɗu a minti biyun farko. Juyawa da ƙarfi tana ɗanya yana tsinka ta, rashin juyawa kuma yana sa ta manne a gindi.

Idan ya sake tafasa a zuba manyan yankan kabewa da jijiyoyin kabeji da naman kaza da awara, a mayar da wuta matsakaiciya, a bar tukunya a buɗe ko a rufe rabi. Daga nan taliyar tana buƙatar minti 12 zuwa 15. Za a ga romon ya tashi daga ruwan kasa mai haske ya koma rawaya mai duhu, kumfar tafasa ta daina fashewa da sauri ta koma tana tasowa a hankali da nauyi. A nan ne gindi ke kamawa, saboda haka a riƙa bin ƙasan tukunya da muciya duk bayan minti biyu. Idan romon ya ja har taliya ta fara fitowa sama, a ƙara ruwan zafi rabin kofi, ba na sanyi ba. Ana son romon ya lulluɓe bayan cokali amma ya zuba da kansa idan an karkata, ba ya tsaya ba.

Kada a dogara da agogo kaɗai. A minti na 12 a tsamo ɗaya a yanke ta da wuƙa a duba tsakiya: idan akwai farin layi na gari, da saura, idan launin ɗaya ne daga baki zuwa baki, ta nuna. Houtou ba a cinsa da sauran tauri, laushi ake nema mai ɗan danƙo a haƙori.

Mataki na 8: Ganye da sauran miso

A zuba ganyen kabeji da farin albasa, a ba su minti biyu zuwa uku. A rage wuta ƙasa sosai, a narka sauran miso a ludayi, amma a fara da kashi biyu cikin uku nasa a ɗanɗana, domin gishirin miso ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kifin ma ya kawo nasa. Idan kabewar ba ta narke yadda ake so ba, a danne 'yan yanka a jikin tukunya da bayan ludayi a juya. Da zarar ya fara motsi alamar zai tafasa sai a kashe wuta, a watsa lawashi, a rufe minti biyar. Ba a sa dunƙule, ba a sa kori ko tumatir. Wanda ya ɗanɗana ya ji kamar da saura, miso zai ƙara ko ɗan gishiri.

Mataki na 9: Zubawa da yaji

A zuba a kwanuka masu zurfi, a tabbata kowa ya samu babban yankan kabewa, a ci da zafinsa. Abinci ne cikakke, ba ya buƙatar shinkafa a gefe. Shi kansa ba shi da yaji, kuma ga harshen da ya saba da attaruhu zai iya zama salam a cokalin farko, sai dai maganin wannan a kwano ake yinsa, ba a tukunya ba. A garin Fujiyoshida da kewayensa, a gindin Dutsen Fuji, suna da wani haɗin yaji mai suna suridane, na barkono da riɗi da mai, wanda kowa ke ɗiba gwargwadon ƙarfinsa. Ana iya yin makamancinsa: a soya riɗi cokali biyu sama-sama a daka, a haɗa da garin barkono cokali biyu, a zuba man riɗi mai ɗumi cokali biyu da ɗan sukari, a juya a wuta ƙasa-ƙasa minti ɗaya, kada ya ƙone. Yajin ƙuli bai dace ba a nan, gyaɗarsa da kayan ƙamshinsa suna rufe ɗanɗanon kabewa.

Idan miso bai samu ba

Mafi kusa da shi shi ne doenjang na Koriya, wanda ya fi shi ƙarfin ƙamshi da gishiri, saboda haka a fara da cokali huɗu a ɗanɗana. Idan shi ma babu, a bi hanyar maƙwabta. A garin Fukaya na lardin Saitama suna dafa irin wannan faffaɗar taliya ɗanya a cikin romo, suna kiranta niboto, amma da shoyu suke gyara ta, wato baƙin ruwan waken suya mai gishiri, su cika ta da albasa mai lawashi wadda garin ya shahara da nomanta, kuma yawanci ba sa sa kabewa. A lardin Gunma ma akwai 'yar uwarta mai suna okkirikomi, wadda wasu gidaje ke yi da miso, wasu da shoyu. Don yin haka a bi matakan nan duka, sai dai a maimakon miso a sa shoyu cokali biyar zuwa shida, rabi a mataki na 6, rabi a na 8. Shoyu ma a duba tambarin halal a kwalbarsa.

Lokacin zafi da abin da ya kwana

Houtou abincin sanyi ne, kuma a wurinmu ya fi daɗi daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, lokacin da kabewa ta wadata. Idan zafi ya shigo, mutanen Yamanashi suna komawa ga ozara: a yanka taliyar ta fi ta houtou siranta, a tafasa ta a ruwa zalla, a wanke da ruwan sanyi har santsin ya fita, a kawo ta a faranti, kowa ya riƙa tsomawa a ƙaramin kwano na romon shoyu mai ɗumi da aka dafa da karas da naman kaza da awara.

Abin da ya rage a tukunya yana daskarewa idan ya huce, domin taliyar tana ci gaba da shan romo, kuma a Yamanashi akwai masu fifita shi a haka, su ɗumama da safe su zuba a kan shinkafa. Amma abinci ne mai gari da kabewa, yana saurin tsami a zafi. A juye shi a roba mai faɗi ya huce da wuri, a sa a firji cikin awa biyu, a cinye washegari. Wajen ɗumamawa a zuba ruwa rabin kofi ga kowane kwano, a sa wuta kaɗan ana ɗagowa daga gindi har ya tafasa ko'ina, sannan a narka ƙaramin cokali na sabon miso a kai. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, gara a raba ma'aunin nan biyu a dafa daidai cin lokaci ɗaya.